Yadda ake ziyartar tsofaffin wuraren bautar Shinto a Japan: Ise, Izumo da Takachiho

Wanda ya isa Ise bai san labarin wurin ba, abin da zai gani bai wuce kurmi da tsakuwa da katangar katako da wani farin labule a bakin ƙofa ba. Babu gunki a fili, babu mai wa'azi, babu ginin da zai sa ka ɗaga kai har hula ta faɗi. Baƙi da yawa kan juyo suna tambayar juna ko shi ke nan. Dalili kuwa shi ne a addinin Shinto, addinin gargajiya na Japan, ɓoye abin bauta ake yi, labarinsa ne kawai a fili. Saboda haka shirin wannan tafiya da karatu yake farawa, tun kafin a yi maganar tikiti.

Labarin da ya kamata ka riƙe

Japanawa na kiran ababen bautarsu kami. Suna cewa miliyan takwas ne, ma'ana ba su ƙirguwa: rana, iska, dutse, kogi, kakannin sarakuna, duk akwai kaminsu. Wuraren bautar kuwa sun kai kusan 80,000 a faɗin ƙasar. Littattafai biyu ne tushen tatsuniyoyin, Kojiki da aka kammala a shekarar 712 da Nihon Shoki na 720. A fadar sarki aka rubuta su, don haka kada ka yi mamakin ganin duk labarin yana gangarowa ne zuwa ga gidan sarauta.

Farkon labarin, Izanagi da matarsa Izanami sun tsaya a kan gadar sama suka dama teku da mashi, gishirin da ya ɗiga daga bakin mashin ya daskare ya zama tsibiri. Daga nan suka haifi tsibiran Japan da kami iri-iri, har ranar da Izanami ta haifi kamin wuta, ya ƙone ta ta mutu. Mijin ya bi ta ƙasar matattu, wato Yomi. Ta ce masa kada ya kalle ta, bai ji ba, ya kunna haske ya ga jikinta ya ruɓe, ya ranta a na kare. Da ya toshe hanyar da wani ƙaton dutse, sai ta yi rantsuwa daga ciki cewa za ta riƙa kashe mutum 1,000 kullum. Shi kuma ya ce zai sa a riƙa haihuwar 1,500.

Da ya fito sai ya shiga kogi ya wanke dauɗar mutuwa. Daga idonsa na hagu Amaterasu ta fito, kamin rana. Daga na dama Tsukuyomi, kamin wata. Daga hancinsa kuma Susanoo, mai guguwa da rigima. Riƙe wannan wankan da kyau, shi ne asalin ruwan da za ka tarar a bakin kowane wurin bauta.

Susanoo ya hau sama wurin yayarsa ya yi ta'adi. Ya farfasa kunyoyin gonakin shinkafa, ya cike magudanan ruwa, ƙarshe ya feɗe doki ya jefa shi ɗakin saƙa har wata masaƙiya ta mutu. Amaterasu ta yi fushi ta shige kogo ta rufe, duniya ta yi duhu. Kami suka taru a bakin wani kogi suka yi shawara. Suka kawo zakaru su yi cara, suka ƙera madubi, suka rataye shi da duwatsun ado a jikin itacen sakaki, sannan wata mai suna Ame-no-Uzume ta kife baho ta hau kai tana rawa har tufafinta suka zame, taron ya fashe da dariya. Amaterasu ta leƙo ta ga me ake wa dariya alhali babu rana, ta yi ido biyu da fuskarta a madubi, ƙaƙƙarfan cikinsu Tajikarao ya fizgo ta, aka gitta igiya a bakin kogon don kada ta koma. Madubi, zakara, reshen sakaki, igiya, rawa: duka biyar za ka sake cin karo da su a wannan tafiya. Sauran labarin a Izumo ya faru, za mu zo kansa a can.

Abin da ake yi daga ƙofa zuwa ciki

Ƙofar da ake kira torii, ginshiƙai biyu da sanduna biyu a gicciye a sama, ita ce iyaka. Idan ka gan ta, wurin Shinto ka zo. Idan kuwa ka ga ƙofa mai rufi kamar gida, da turare yana tashi da gumakan Buda, wannan haikalin Buda ne, kuma ba a tafi a can. Baƙi kan cakuɗa su, ba laifinsu ba ne, su kansu addinan biyu a cakuɗe suke har zuwa 1868 da gwamnatin Meiji ta raba su da doka.

A nan sai a bambance abu biyu, domin mai karatu Musulmi ko Kirista zai so ya san inda zai tsaya. Akwai ladabin wuri, akwai ibada. Ladabi shi ne rage murya, cire hula ta yayi da tabarau na rana, bin gefen hanya, barin ci da sha da shan taba, da kiyaye inda aka hana hoto. Ibada ita ce rusunawa, tafi, jefa kuɗi, kaɗa ƙararrawa, da sayen laya ko takardar duba. Babu wanda zai tilasta maka na biyun, babu kuma mai tambayarka addininka a ƙofa. Idan ba za ka yi ba, kada ka shiga layin masu yi, koma gefe ka tsaya ka kalla. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne baƙo ya tsaya tsakiyar gaban akwatin sadaka yana ɗaukar kansa hoto, jama'a na jira a bayansa.

Bayan ƙofa akwai doguwar hanya mai tsakuwa. Tsakiyarta ta kami ce, mutane gefe suke bi. Sai ka iso wurin ruwa, wata kwatarniyar dutse a ƙarƙashin rumfa, da ludaya masu dogon hannu a jere. Ga yadda suke yi, kuma da ɗiba ɗaya ake gamawa duka:

Ka ɗauki ludayi da hannun dama ka cika shi. Ka zuba kaɗan a hannun hagu. Ka mayar da shi hagu ka wanke dama. Ka sake mayar da shi dama, ka zuba ruwa a tafin hagu, ka kurkure baki daga tafin, ka kare bakinka da hannu ka tofar a ƙasa, wajen kwatarniyar. Ka sake ɗauraye hannun hagu. Sannan ka miƙe ludayin tsaye, ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin, ka kife shi inda ka ɗauka.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Kai ludayi baki, wanda ƙazanta ce babba a wurinsu. Wanke hannu a saman kwatarniyar har ruwan ya koma ciki. Sai kuma zubar da ruwan duka tun a hannu na farko, mutum ya ƙare yana ta ɗiba. Tun bayan annobar korona wasu wurare sun janye ludayan, sun sa bututun gora da ruwa ke zuba da kansa. Idan haka ka tarar, tsarin bai canza ba, hannu kawai za ka tara.

Daga nan sai gine-gine biyu, ɗaya a gaban ɗaya. Na gaba, haiden, tamkar zaure yake, nan baƙo ke tsayawa. Na baya, honden, shi ne cikin gida, nan abin da kami ke zaune a jikinsa yake, madubi ko takobi ko dutse, kuma ko malaman wurin ba kullum suke shiga ba. Mai bauta kan ɗan rusuna, ya sa kuɗi a akwati a hankali, yawanci ƙwandalar yen 5 mai huda a tsakiya ko yen 100 (yen shi ne kuɗin Japan), ya ja igiyar ƙararrawa in akwai. Sai ya sunkuya sosai sau biyu, bayansa a miƙe. Ya haɗa tafukansa daidai ƙirji, ya ɗan zame na dama ƙasa, ya tafa sau biyu. Ya daidaita hannayen ya yi shiru yana roƙo, ya rufe da sunkuyawa ɗaya. Biyu, biyu, ɗaya. Wanda aka yi wa rasuwa a gida kan ƙaurace wa wurin har kwana 50, saboda mutuwa dauɗa ce a Shinto, kamar yadda labarin Izanagi ya nuna.

A gefe za ka ga taga inda 'yan mata masu farar riga da jan buje, waɗanda ake kira miko, ke ba da kaya. Akwai omamori, laya a 'yar jakar yadi, daga yen 500 zuwa 1,000, ba a buɗe ta, bayan shekara a mayar a ƙone. Akwai ema, ɗan allon katako da ake rubuta buƙata a rataye. Akwai omikuji, takardar duba ta yen 100 ko 200, wanda ya ciro mummuna ya ɗaure ta a igiyar da aka tanada ya bar ta nan. Akwai kuma goshuin, jan hatimi da rubutun hannu na tawada mai ɗauke da sunan wurin da kwanan wata, yen 300 zuwa 500. Ba a buga shi a littafin rubutu na makaranta, sai a littafinsa na musamman mai naɗewa, kuma tagar kan rufe tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma. Riƙe tsabar kuɗi, yawancin waɗannan tagogi ba su karɓar kati. Shiga wurin kansa kyauta ne kusan ko'ina.

Ise: gidan Amaterasu

Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen kan kai Nagoya cikin kimanin awa ɗaya da minti 40. Idan akwai sarari ka tsaya Atsuta Jingu a cikin garin Nagoya, can aka ce takobin Kusanagi yake, wanda za mu zo labarinsa a Izumo, ko da yake ba mai nuna maka shi. Daga Nagoya jirgin Kintetsu mai sauri kan kai tashar Iseshi cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba. Masu takardar JR Pass, wato tikitin yawo a jiragen ƙasa na kamfanin JR, su lura, ba ta aiki a layin Kintetsu, kuma ko a jirgin JR da ke zuwa Ise akwai wani yanki na hanyar da ake biyan ƙari.

Ise Jingu ba gini ɗaya ba ne, wurare 125 ne a warwatse, amma biyu ne manya, kuma al'ada ta ce a fara da na waje, Geku, kafin na ciki, Naiku. Geku tafiyar minti biyar ce a ƙafa daga tasha. Ka ajiye jakarka a akwatunan haya na tashar, domin akwati mai taya ba ya tafiya a kan tsakuwa. A Geku hagu ake bi, a Naiku dama, akwai alluna da ke nuna haka a bakin gada.

Geku na Toyouke ne, kamin abinci, wadda aka ce an kawo ta kimanin shekara 1,500 da suka wuce don ta riƙa ciyar da Amaterasu. Har yau safe da yamma malaman wurin na murza itace a jikin itace su fitar da wuta, su dafa shinkafa, su haɗa da gishiri da ruwan rijiya da kifi da ganye da 'ya'yan itace su kai. Ba za ka ga cikin ɗakin ba, amma idan ka zo da sassafe kana iya hango su cikin fararen kaya a jere.

Daga Geku bas kan kai Naiku cikin minti 15 zuwa 20, in ba ranar cunkoso ba. Za ka haye gadar Uji, ta katako, mai tsawon mita 100 da 'yan kai, a kan kogin Isuzu. Can gaba hanya ta gangara bakin kogin, inda mutane ke tsugunawa su wanke hannu da ruwansa kai tsaye, yadda ake yi tun kafin a san kwatarniya. Duba ginshiƙan torii, za ka ga reshen sakaki ɗaure da farar takarda. Wani lokaci kuma kaji na kiwo a gefen hanya ba mai korar su.

A ƙarshen hanya akwai matattakalar dutse. Daga gindinta ake ɗaukar hoto na ƙarshe, sama da nan an hana, kuma akwai masu gadi. Katanga huɗu ce ta kewaye babban ɗakin da aka ce madubin nan na bakin kogo yana ciki. Kai dai iyakarka farin labule. Idan ka matsa hagu ka leƙa ta saman katanga za ka hango rufin ciyawa da wasu sanduna biyu da suka gitta juna suka soki sama, da gungume-gungume a jere a kan ƙoƙuwar rufin. Ga abin lura ga mai ido: a Naiku an yanke bakin sandunan a kwance, gungumen kuma goma ne, a Geku an yanke su a tsaye, gungumen tara.

Kusa da ginin akwai fili mai girmansa daidai, shimfiɗe da tsakuwa, da wata 'yar bukka a tsakiya. Wannan shi ne mazaunin gini na gaba. Duk shekara 20 ake sake gina ɗakunan daga tushe da itacen hinoki, a kwashe kami a mayar sabon cikin dare, a rushe tsohon. An fara a shekarar 690 zamanin sarauniya Jito, yaƙe-yaƙen basasa sun taɓa tsayar da shi fiye da shekara 120, karo na 62 an yi shi a 2013, na 63 kuma a 2033 zai kasance, an ma fara bukukuwan saran itacensa tun 2025. To idan ka ga katako sabo fil a wurin da aka ce maka ya haura shekara dubu, ba yaudararka aka yi ba. Fasahar ce tsohuwa, kuma shekara 20 ita ce tazarar da ke ba kafinta damar koya a hannun ubangidansa sannan ya koyar da yaronsa. Gidan tarihi na Sengukan da ke Geku na da kwafin ɓangaren ginin a cikakken girmansa, nan ne kaɗai za ka ga aikin a kusa.

Abu biyu da ba za ka samu a Ise ba: takardar duba, da wurin roƙon buƙatar kai a gaban babban ɗaki. Can godiya ake yi, masu buƙata kan wuce wani ƙaramin ɗaki mai suna Aramatsuri-no-miya. Ana buɗewa ƙarfe 5 na asuba duk shekara, rufewa kuma tsakanin 5 da 7 na yamma gwargwadon wata. Wanda ya kwana a garin ya shiga kafin 7 na safe, shi ya ga Ise. Daga 10 zuwa 3 motocin 'yan yawon buɗe ido ne.

Izumo: ɓangaren waɗanda aka karɓe wa ƙasa

Izumo na gaɓar yamma, a jihar Shimane, kuma zuwa can aiki ne. Daga Okayama jirgin Yakumo kan ɗauki kimanin awa uku yana lanƙwasa cikin duwatsu, mai jin jiri ya sha magani tukuna. Akwai kuma jirgin kwana, Sunrise Izumo, da ke barin Tokyo da dare ya iso wajen 10 na safe, amma gadajensa kan ƙare da wuri, wata guda kafin ranar ake fara sayarwa. Daga tashar Izumoshi ka ɗauki ƙaramin jirgin Ichibata, ka canza a Kawato, ka sauka Izumo Taisha-mae.

Da aka kori Susanoo daga sama, a bakin kogin Hii na wannan yanki ya sauka. Ya tarar da tsoho da tsohuwa suna kuka, wani maciji mai kai takwas da wutsiya takwas, Yamata no Orochi, ya cinye 'ya'yansu mata bakwai, shekara ɗaya ɗaya, saura Kushinada. Ya sa aka cika randa takwas da giya mai ƙarfi, kowane kai ya faɗa randarsa ya bugu, ya bi su ya sare. A cikin wutsiya ya tsinci takobin da aka ambata a Atsuta, ya aika wa yayarsa don neman sulhu, ya auri yarinyar.

Daga zuriyarsa Okuninushi ya fito, wanda Izumo Taisha, babban wurin bautar garin, take dominsa. Za ka ga gumakan zomaye birjik a harabar, ga dalili. Wani zomo ya yaudari dodannin teku suka jeru masa ya taka bayansu ya haye, ya yi musu dariya tun bai gama hayewa ba, na ƙarshe ya saɓule masa fata. 'Yan'uwan Okuninushi su 80 suka ce masa ya yi wanka da ruwan teku ya kwanta a iska, ciwo ya ƙaru. Okuninushi, wanda suka bari a baya da ɗaukar kaya, ya ce ya wanke da ruwan daɗi ya yi birgima a garin furen kacala, irin ciyawar nan da ta cika fadamun Haɗeja da Nguru. Zomo ya warke.

Bayan Okuninushi ya gina ƙasa, Amaterasu ta aiko a karɓa. Manzonta Takemikazuchi ya kafa takobinsa a kan igiyar ruwa a gaɓar Inasa, tsini a sama, ya harɗe a kan tsinin ya faɗi saƙo. Ɗa ɗaya ya sallama, ɗayan, Takeminakata, ya nemi kokawa, aka kayar da shi ya gudu har Suwa, inda ake bauta masa yau. Okuninushi ya yarda bisa sharaɗi ɗaya, a gina masa gida mai ginshiƙai har kan dutsen ƙasa da rufi har sama. Shi kuma ya koma kula da abin da ido ba ya gani, ciki har da haɗa aure, abin da ya sa 'yan mata da samari suka fi kowa yawa a layi.

An daɗe ana ɗaukar maganar cewa ginin ya taɓa kai mita 48 a matsayin cika baki. Sai a shekarar 2000 masu tono suka ci karo da gindin ginshiƙai na ƙarni na 13, kowanne gungume uku ne aka haɗa wuri ɗaya, faɗinsu kusan mita uku. Duba ƙasa a gaban ƙofar honden, akwai jajayen da'irori uku-uku a kan daɓe, nan aka same su. Ginin da ke tsaye yanzu na 1744 ne, tsayinsa mita 24.

Ga tsarin da ya fi dacewa. Fara da gaɓar Inasa, kimanin kilomita ɗaya yamma, tafiyar minti 15. Masu bauta kan ɗebi rairayi kaɗan a leda daga inda ruwa ke taɓawa, su kai wani ƙaramin ɗaki na Susanoo da ke bayan honden, Soga-no-yashiro, su zuba a akwatin da ke ƙarƙashinsa su ɗebi wanda bai kai nasu ba. Wanda ya fara da harabar sai ya yi tafiyar sau biyu, kuma ana rufe hanyar bayan wajen 4:30 na yamma. Hanyar shiga gangara take yi maimakon hawa, abin da ba a cika gani ba. A layin itatuwan da ke gaba an killace tsakiya saboda saiwoyi. Bayan torii na tagulla, na 1666, sai haiden.

A nan tafi huɗu ake yi, ba biyu ba: sunkuyawa biyu, tafi huɗu, sunkuyawa ɗaya. Kuma ko da yake ƙofar honden kudu take kallo, mazaunin kamin a ciki yamma yake fuskanta, wajen teku, shi ya sa za ka ga mutane sun zagaya gefen yamma sun sake tsayawa a wani ɗan wuri da aka tanada.

Kada ka tsaya a igiyar haiden ka ce ka ga igiyar Izumo. Wadda ake magana tana Kaguraden, wani zaure da ke wajen katanga ta yamma. Tsawonta mita 13.6, nauyinta tan 5.2, da karan shinkafa aka tufka ta. Wasu kan jefa ƙwandala sama wai ta maƙale a jikinta. Hukumar wurin ta hana, rashin ladabi ne, kuma yana lalata igiyar.

Dogayen ɗakuna biyu masu ƙofa 19 kowanne, gabas da yamma, masaukin baƙi ne. Bisa imaninsu, a wata na goma na tsohuwar kalanda duk kami na ƙasar kan taru a nan kwana bakwai suna shawara. Ana tarbar su da wuta a gaɓar Inasa daren 10 ga watan. Kuskuren da ke sa mutane asarar kuɗin jirgi shi ne ɗaukar wata na goma a matsayin Oktoba. Kalandar wata ce, wadda ake yi wa ƙarin wata lokaci-lokaci don kada ta bar daminarta, saboda haka bikin yawanci a Nuwamba yake faɗowa, kuma ranar na canzawa kowace shekara. Duba shafin wurin kafin ka sayi tikiti, ka kama ɗaki watanni kafin lokacin. Mai sauran kwana guda ya leƙa gabashin Matsue, kusa da tashar Iya, inda wasu manyan duwatsu ke tsaye a gindin tudu, an ce nan Izanagi ya toshe hanyar Yomi.

Takachiho: kogo da rawa

Wannan gari na cikin duwatsun jihar Miyazaki a tsibirin Kyushu, kuma jirgin ƙasa ba ya zuwa. Bas ne daga Nobeoka, kimanin awa ɗaya da rabi, ko daga Kumamoto, kimanin awa uku. Ka tabbatar da abin da ka rubuta a taswirar waya, domin akwai wani dutse mai suna Takachiho-no-mine can kudu a Kirishima, kuma duka biyun na da'awar cewa a kansu Ninigi, jikan Amaterasu, ya sauko da madubi da takobi da dutsen ado ya kafa gidan sarauta.

A Amano Iwato Jinja, ɓangaren yamma ba shi da honden, kogon da ke tsallaken kwazazzabo shi ne abin bautar. Ba a ganinsa daga harabar. Sai ka jira malamin wurin ya tara mutane, ya kaɗa musu sandar farar takarda, ya buɗe ƙofar baya ya kai su barandar da ake hangowa. Kyauta ne, hoto haramun. Daga nan tafiyar minti goma a bakin rafi za ta kai ka Ama-no-Yasukawara, wani babban rami a jikin dutse inda aka ce kami suka yi shawara. Ƙasan cike yake da ƙananan duwatsu da maziyarta suka ɗora kan juna. Kula da ƙafarka, hanyar na da santsi bayan ruwa, silifas ba nasa ba ne.

Kowane dare ƙarfe 8, a Takachiho Jinja, ana rawar kagura ta awa ɗaya, yen 1,000. A kan tabarma ake zama, a cire takalmi a ƙofa. Rawa huɗu ake yi cikin 33 na asali: Tajikarao yana neman kogon, Uzume tana rawarta, Tajikarao da jar fuska yana ɗaga ƙofar dutse, sai ta Izanagi da Izanami suna haɗa giya suna buguwa suna faɗawa cikin 'yan kallo. Cikakkun 33 ɗin a ƙauyuka ake yin su, kwana ake ana yi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, cikin sanyi mai shiga ƙashi. Bas na gari kan daina zirga-zirga da wuri, don haka ka kama masauki inda za ka iya komawa a ƙafa.

Abinci, salla da lokaci

Bayan wasu bukukuwa ana miƙa wa mahalarta ɗan ƙoƙon giyar shinkafa. Ɗaga hannu da murmushi ya isa a wuce ka. Taliyar udon ta Ise da soba ta Izumo ba su da nama a ido, amma romonsu sau da yawa akwai mirin, wanda giya ce ta girki, sai a tambaya. A Nagoya akwai masallaci, amma a Ise da Izumo da Takachiho ka shirya yin sallarka a masauki, kada ka shimfiɗa darduma a harabar wurin bautar wasu.

Wanda kwanakinsa ba su wuce biyu ba a Kyoto, Fushimi Inari, wani wurin bautar Shinto da ke garin, ta ishe shi ganin tsarin. Minti biyar ce a jirgi daga tashar Kyoto, ba a rufewa dare da rana, an kafa ta a 711, kuma jajayen torii kusan 10,000 sun bi dutse mai tsayin mita 233, hawa da sauka awa biyu zuwa uku. Gumakan yanyawa da ke riƙe da mabuɗin rumbu a baki 'yan aiken Inari ne, kamin shinkafa, ba su ne shi ba.

Wurare ukun can kuwa suna son kwana bakwai zuwa takwas, saboda kusan yini guda ke tafiya tsakanin kowane biyu. Ka guji kwana ukun farko na Janairu, lokacin da miliyoyin mutane ke ziyarar sabuwar shekara, da hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Satumba kuma guguwar teku kan tsayar da jirage da bas, musamman a Kyushu. Nuwamba ta fi kowane wata, domin a cikinta ne yawanci taron Izumo da farkon kagura na ƙauyukan Takachiho ke iya haɗuwa a tafiya ɗaya. Sai dai rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, Ise ma a lokacin take rufewa, don haka duk abin da ke buƙatar haske a gama shi kafin 4.